Uwar da ba ta da zaɓi, amincewarta ta inganta kuwa?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti da kullum muke fama da ƙarancin magani da kayan aiki. Kwanan nan wasu masu bincike suka zo za su gwada sabon magani a kan yara, kuma ni aka ɗora wa aikin yi wa iyaye bayani da karɓar sa hannunsu. Duk yaron da ya shiga za a yi masa magani kyauta, a kuma ba uwarsa kuɗin mota. Na san babu uwar da za ta ce a'a, domin ba ta da wata mafita. Shin wannan amincewa ce ta gaskiya, ko kuwa ina taimakawa ne a ci moriyar talaucinsu? Abin yana hana ni barci."

Wa alaikumus salam, Malama. In na fahimce ki, ba matsayin doka kike nema ba, domin na tabbata takardar da aka miƙa miki tana ɗauke da hatimin wani ofishi. Abin da ke damun ki shi ne ko "na yarda" ɗin da uwa za ta furta alhali ɗanta yana kwance jikinsa zafi rau, aljihunta kuma babu ko sisi, ya kai a kira shi yarda. An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama, ke kuma kina tsoron kada ya zama ke ce mai miƙa takobin. Na yi shekaru ina duba marasa lafiya, na kuma zauna a kwamitin da ke tantance bincike kafin a ba shi izini, saboda haka wannan damuwa ba baƙuwa ba ce a wurina. Ra'ayina shi ne talauci shi kaɗai ba ya rushe amincewar mutum, amma yana ɗora wa mai bincike nauyin da ba ya ɗauka a inda jama'a ke da zaɓi, kuma mafi yawan wannan nauyi ba a cikin takardar da ake sa wa hannu yake ba.

Inda ƙa'idojin suka samo asali

Kusan duk ƙa'idar da muke aiki da ita a yau ɓarna ce ta haife ta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka gurfanar da likitocin Jamus da suka yi gwaje-gwaje a kan fursunoni, kuma daga wannan shari'a aka sami ƙa'idojin Nuremberg guda 10 a 1947, waɗanda na farkonsu ya wajabta amincewar mutum bisa raɗin kansa. A 1964 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki kan ƙa'idojin yin bincike a jikin ɗan Adam, wadda aka yi wa gyara sau da dama, na baya-bayan nan a 2024. Amma labarin da ya fi kusa da tambayarki ya faru ne a Tuskegee da ke jihar Alabama ta Amurka, daga 1932 zuwa 1972. Hukumar kiwon lafiyar ƙasar ta bi diddigin baƙaƙen fata talakawa kimanin 600, waɗanda 399 daga cikinsu ke ɗauke da cutar tunjere, don a ga yadda cutar ke cin jiki idan ba a yi mata magani ba. An ce musu ana yi musu maganin gurɓataccen jini ne, aka riƙa ba su abinci da duba lafiya kyauta da alkawarin ɗaukar nauyin jana'izarsu, kuma ko da penisilin ya zama sanannen maganin cutar a ƙarshen shekarun 1940, ba a ba su ba. Ki lura da abubuwa biyu a nan: an yi amfani da kyauta wajen riƙe mutanen, an kuma sauya wa binciken suna aka kira shi magani. A ganina na biyun ne ya fi muni, kuma shi ne ya fi saurin maimaituwa ko da babu mugun nufi.

Kalmar da ke ɓatar da mu

Na taɓa zuwa duba yadda wani bincike ke tafiya a sashen yara, na tarar takardun amincewa cif-cif, kowace da dangwalen yatsa da sa hannun shaida. Sai na zauna gefen gadon wata uwa, ɗanta yana barci da allurar ƙarin ruwa a hannu, na ce ta gaya mini abin da aka ce za a yi wa yaron. Ta ce likita ya ce za a yi masa gwaji, in an gama a ba shi magani mai kyau. Na tambaye ta ko ta san cewa ƙuri'a ce za ta zaɓi maganin da zai samu cikin guda biyu. Ta dube ni da mamaki ta ce ai likita ya fi ta sanin wanda ya dace da ɗanta. Babu wanda ya yi mata ƙarya, ma'aikacin da ya yi mata bayani ya karanta takardar tun daga farko har ƙarshe. Matsalar ita ce kalmar "gwaji" a kunnenta gwajin jini ne, irin wanda ake yi kafin a rubuta magani, haka kuma "bincike" a wurinta shi ne likita ya dudduba marar lafiya. Kalmomin da muka ɗauka sun bayyana mata gaskiya su ne suka rufe mata ita.

Masana ɗa'ar likitanci sun daɗe da sanin wannan ruɗani, wato marar lafiya ya ɗauka duk abin da mai farar riga ya yi masa don lafiyarsa shi kaɗai aka tsara shi. Yana faruwa har a ƙasashe masu arziki da masu ilimi, sai dai ya fi tsanani a inda likita ɗaya ke duba dubban mutane, ana kuma ganin musa masa rashin kunya ne ko butulci. Gaskiyar da ya kamata uwa ta ji, da kalmomin da ba su da harshen damo, ita ce: ba a tabbatar sabon maganin ya fi tsohon ba, shi ya sa ma ake gwada shi; ƙuri'a ce za ta zaɓa wa ɗanta, likita ba shi da hannu a zaɓin; amfanin aikin zai fi komawa ga yaran da za su zo nan gaba; kuma in ta ƙi, ko ta janye a tsakiya, ba za a rage wa ɗanta komai daga kulawar da asibitin ke bai wa kowa ba. Daga ranar da na zauna da waccan uwa na daina tambayar mutane ko sun gane, domin kowa zai ce ya gane. Abin da nake yi shi ne in ce su maimaita mini da bakinsu, kamar za su je gida su yi wa dangi bayani. Inda suka yi tuntuɓe, nan ne bayanina ya gaza, sai in sake.

Batun kuɗin mota kuwa bai tayar mini da hankali kamar yadda ya tayar miki ba. Mayar wa mutum abin da ya kashe wajen zuwa, da diyyar yinin da ya rasa na neman abinci, haƙƙinsa ne, hana shi ma shi ne zalunci, domin hakan na nufin talaka ne ke biyan kuɗin binciken daga aljihunsa. Inda kuɗi ke zama tarko shi ne idan ya yi yawan da zai sa uwa ta rufe ido daga haɗarin da ta gani, ko ta ɓoye wata larurar yaron don kada a cire shi, ko kuma idan aka ce sai an kammala binciken za a biya gaba ɗaya, wanda hakan ya mayar da 'yancin janyewa magana ta fatar baki. Akwai kuma haɗari a ɗaya ɓangaren da ba a cika ambata ba. In muka ce talaka ba zai iya yanke shawara ba saboda talaucinsa, mun raina hankalinsa, mun kuma rufe ƙofar bincike a kan cututtukan da suka fi kashe talakawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan, domin maganin zazzaɓin cizon sauro ba za a gano ingancinsa a inda babu sauro ba.

Da me ake kwatanta sabon maganin?

Wannan ita ce tambayar da zan fara yi wa masu binciken da a ce ni ne a matsayinki, kuma ita ce ta haddasa muhawara mafi zafi a wannan fanni. A 1994 wani bincike a Amurka da Faransa ya nuna cewa maganin AZT yana rage yaɗuwar ƙwayar cutar ƙanjamau daga uwa zuwa jariri da kusan kashi biyu cikin uku. Sai dai tsarin yana da wuya: mace ta fara sha tun ciki bai tsufa ba, sau biyar a rana, a ba ta ta jijiya lokacin naƙuda, jariri ya sha na mako shida, kuma ba a shayar da shi nono. Kuɗinsa a lokacin ya kai kimanin dala 800 ga kowace uwa da ɗanta, abin da ya fi ƙarfin kasafin lafiyar ƙasashen da cutar ta fi yi wa ɓarna. Saboda haka aka shirya gwada gajeren tsari mai rahusa a Tailan da wasu ƙasashen Afirka, kuma a mafi yawan waɗannan bincike-bincike an ba wani rukuni na matan ƙwayar wofi, wato mai kama da magani amma babu komai a cikinta.

A 1997 likitoci biyu, Peter Lurie da Sidney Wolfe, suka yi tir da wannan, Marcia Angell kuma, editar wata babbar mujallar likitanci a lokacin, ta kwatanta shi da Tuskegee. Hujjarsu ita ce tun da an san akwai maganin da ke aiki, barin jarirai su kamu da cutar don a sami alƙaluma abu ne da ba za a taɓa yarda da shi a ƙasar da ta ɗauki nauyin binciken ba, don haka ma'auni biyu ake amfani da shi. Harold Varmus da David Satcher, waɗanda a lokacin suke shugabantar hukumomin Amurka da suka ba da kuɗin, suka mayar da martani cewa tambayar da ƙasashen ke buƙatar amsarta ita ce ko gajeren tsarin ya fi babu, tun da babu ɗin ita ce halin da matan ke ciki, kuma masana da yawa daga ƙasashen da kansu sun goyi bayan tsarin. A 1998 sakamakon Tailan ya nuna gajeren tsarin ya rage yaɗuwar da kusan rabi, daga nan aka daina ba da ƙwayar wofi. Gyaran da aka yi wa Sanarwar Helsinki a 2000 ya tsananta sharuɗɗan amfani da ita, ya kuma shigo da batun abin da mahalarta za su samu bayan an gama.

Ban ga wanda ya yi nasara baki ɗaya a wannan muhawara ba, kuma har yau masana masu gaskiya suna saɓani a kanta. Inda na tsaya shi ne, rashin magani a wuri ba hujja ba ce da mai bincike zai jingina da ita ya hana abin da yake da ikon bayarwa, sai in ya nuna a fili cewa babu wata hanyar samun amsar, cewa amsar mutanen wurin za ta amfana, kuma babu mummunar cutarwa da za ta biyo baya. Sau da yawa kuma akwai hanya ta uku in an zauna an yi tunani. Lokacin annobar Ebola a Gini a 2015, masu gwajin rigakafi ba su yi amfani da allurar wofi ba. Sun riƙa tattara mutanen da suka yi hulɗa da wanda ya kamu, ƙuri'a ta zaɓi rukunin da za a yi wa allurar nan take da wanda za a yi wa bayan kwana 21. Kowa ya samu, amsa kuma ta fito, har aka amince da rigakafin a 2019.

Bayan an naɗe tabarma

Cin moriyar da kike tsoro, a mafi yawan lokuta a abin da ke biyo bayan kammala binciken yake ɓuya. Bincike na iya cika kowane sharaɗin amincewa, amma in maganin ya yi nasara a sayar da shi a farashin da babu yaro ɗaya a wurin da zai taɓa samu. A nan an ari jikin wasu ne don lafiyar wasu, ko da kowace uwa ta fahimci bayanin sarai. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa da aka sabunta a 2016 sun nemi bincike ya dace da buƙatun lafiyar al'ummar da ake yin sa a cikinta, a kuma yi shirin yadda amfaninsa zai iso gare su tun kafin a fara. Mahalarta da kansu sun fara tilasta wannan: a 2004 aka dakatar da gwajin maganin kariya daga ƙanjamau a Kambodiya bayan matan da aka nufa sun nemi tabbacin kula da lafiyarsu na dogon lokaci idan wani abu ya same su, a 2005 kuma aka dakatar da irinsa a Kamaru.

Jinin da za ki ɗiba ma yana da nasa zancen. A 2007 Indunisiya ta ƙi ci gaba da miƙa samfurin ƙwayar murar tsuntsaye, tana cewa ana yin rigakafi da shi a sayar mata da tsadar da ba za ta iya ba, kuma wannan ja-in-ja ne ya kai Hukumar Lafiya ta Duniya ga yarjejeniyar raba amfani a 2011. 'Yan ƙabilar Havasupai a Amurka sun ba da jini don binciken ciwon sukari, daga baya suka gano an yi amfani da shi wajen nazarin taɓin hankali da asalin ƙabilarsu, sai a 2010 aka sasanta aka mayar musu da jininsu. Don haka uwa tana da haƙƙin sanin inda za a kai jinin ɗanta, tsawon lokacin da za a ajiye shi, da ko za a yi wani aikin daban da shi.

Idan aka yi sakaci da waɗannan, asarar ba ta tsayawa a kan bincike ɗaya. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau a Kano a 1996, inda yara 11 suka rasu, ya jawo shari'o'in da suka ɗauki shekaru kan ko iyaye sun san gwaji ake yi. Kamfanin ya musanta aikata laifi, aka sasanta a wajen kotu a 2009, amma labarin yana cikin abubuwan da masu ƙin rigakafin shan-inna suka riƙa kafa hujja da su a 2003. Yaran da suka shanye a sanadiyyar wancan ƙin ba su shiga kowane gwaji ba.

Abin da ke hannunki

Ban ga takardun wannan binciken ba, saboda haka ba zan iya ce miki mai kyau ne ko marar kyau ba. Amma kina da damar neman ganin izinin kwamitin ɗa'a na ƙasar da ake aikin, ba na ƙasar masu kuɗin kaɗai ba, ki duba kwanan watansa ki tabbatar ya riga fara aikin. Ki tambayi shugaban binciken abin da yaran ɗaya rukunin za su samu, wanda zai biya kuɗin jinya da diyya idan maganin ya cutar da yaro, da wanda uwa za ta kira in wani abu ya faru da tsakar dare. Mai binciken kirki yana da amsoshin nan a shirye kuma ba zai ji haushi ba. In ya fara kame-kame, wannan ma amsa ce, kuma kwamitin da ya ba da izini wajibi ne ya saurari ƙorafinki. Zan ƙara da gaskiyar da na gani daga ciki, cewa irin waɗannan kwamitoci a wuraren da ba su da hali sukan kasance likitoci ne da aiki ya yi wa yawa, suna karanta shafuka ɗaruruwa da dare ba tare da lada ba, wani lokaci kuma asibitin nasu yana matuƙar buƙatar kuɗin da binciken zai kawo. Hatimi yana da amfani, amma bai kai idon wadda ke tsaye a bakin gado ba.

Akwai abu ɗaya a tsarin da kika bayyana da zan nemi a gyara. Ke ce mai jinyar yaran, ke ce kuma mai neman sa hannu, uwa kuwa tana jin nauyin ƙin wadda ta kwana tana sa wa ɗanta ruwa. Sanarwar Helsinki ta yi tanadin cewa idan mutum yana dogaro da mai neman amincewarsa, wani daban wanda ba shi da wannan alaƙa ya kamata ya nema. In ma'aikata sun yi ƙarancin da hakan ba zai yiwu ba, to aƙalla ki fara ba yaron kulawar gaggawa kafin a ɗago zancen bincike, ki ba uwa lokaci ta yi shawara da wanda take so, kuma kada a biya ki bisa yawan waɗanda kika shigar. Shawara da miji ko dattijon gida abu ne mai kyau in ita ta so, sai dai yardarsu ba ta maye gurbin tata, haka ma yardar shugaban al'umma izinin shiga gari ce kawai. Idan yaron ya yi wayon da zai fahimta, a yi masa bayani daidai hankalinsa a ji ta bakinsa. Ki kuma riƙa lura da adadin masu cewa a'a. Binciken da ya ɗauki ɗaruruwan mutane ba tare da mutum ɗaya ya ƙi ba yana sa ni shakka, domin alama ce ta cewa mutanen ba su san suna da ikon ƙi ba.

Abin da ban iya warware miki ba shi ne wanda na fi gani da idona. A asibitin da na ba ki labari, bango ɗaya ne ya raba ɗakin yaran bincike da ɗakin sauran yara. A wannan gefe akwai tukunyar iskar numfashi da janareto da maganin da ba ya yankewa, a wancan gefe uwa ce ke fita neman abin sayen allura. Wata rana wata uwa daga wancan gefen ta tare ni a baranda tana roƙon in sa ɗanta cikin masu gwaji, amma cutarsa ba ita ake bincike a kai ba. Masu binciken ba su gina wannan bango ba, kuma ba a kansu ne alhakin gyara dukan tsarin lafiyar ƙasa yake ba, amma da zarar sun shigo sun zama ɓangare na abin da ke faruwa a bayansa. Abin da kwamitinmu ya iya yi a zagaye na gaba shi ne sharɗanta cewa na'urar iskar da horon ma'aikata su shafi sashen yara gaba ɗaya, kuma kayan su zauna bayan an tashi. Masu kuɗin sun yi ta jan ƙafa wata biyu kafin suka amince da iskar da horon, janareton kuwa suka ce nasu ne, suka tafi da shi.